Mararrabar da Mai Jirgi Ya Liƙe

Yammacin da abin ya fara bai zo da wata alama ba. Rana ta faɗa bayan gine-gine kamar kullum, masu dawowa daga aiki suna jan ƙafa a titi, mai shagon kan kwana yana kokawa da ƙofarsa ta ƙarfe da ba ta taɓa rufuwa cikin daɗin rai ba. A gidan ƙarshe na layin, gidan da ke da gareji amma babu mota, wani dattijo yana sunkuye a kan teburi da tabarau biyu a fuskarsa, ɗaya bisa ɗaya, yana jiran ƙarfen soda, na narka dalma, ya yi zafi.

Mai Jirgi ake ce masa, alhali bai taɓa tuƙa jirgi ba. Keken ɗinki ya yi ta gyarawa duk ƙuruciyarsa, har bayansa ya fara gardama ya rufe shagon. Jiragensa 'yan ƙananan jiragen ƙasa ne na wasa, kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba, irin waɗanda ake tsinta a mace a wurin masu tsofaffin kaya. Sai ya kwance su, ya wanke ƙafafun, ya sake naɗa wayar injin, ya ɗiga mai da bakin allura, ya yi fenti, har abin da aka yar ya tashi yana gudu. Na farkonsu wani baƙi ne, wanda marigayiya matarsa ta kawo masa a jakarta don tsokana, ta ce tunda ya iya tayar da matattu ga wani nan. Daga wannan tsokana teburin ya yi ta girma har ya cinye rabin garejin. Akwai gada, akwai ramin da jirgi ke shiga ya ɓullo, akwai tasha da 'yan mutanenta masu jiran da ba ya ƙarewa, layin dogo kuma ya zagaye su duka ya dawo inda ya taso. Hatta tsakuwar da ke ƙarƙashin layin ta gaske ce. Ya raina ta roba, ya tafi can bayan gari inda wani tsohon layin dogo ya mutu cikin ciyawa, ya ciko buhu, ya daka, ya tankaɗe, ya shimfiɗa, ya bi ta da gam. Da wannan yake alfahari in ya samu mai saurare, sai dai masu sauraren sun ƙare tuntuni.

Su uku suka rage a gidan. Shi, da yayarsa da ta tare a wurinsa bayan rasuwar matar, wadda kowa ke kira Gwaggo, sai Auta. Manyan 'ya'yan duk sun watse, sai dai a ji su a waya. Auta ta gama karatun jinya, wani asibiti a gari mai nisa ya kira ta aiki, har ta haɗa akwati. Uban bai ce a'a ba. Ai da ya ce a'a, da an san inda aka dosa. Cewa ya yi a bari tukuna a ga jikin Gwaggo, sannan a bari zafi ya wuce, sannan a bari ruwa ya ɗauke. Akwatin yana nan bayan ƙofar ɗakinta da taya ɗaya a maƙale, ya ce zai duba. Mutumin da ke tayar da injin da ya yi shekara da shekaru a mace, wai tayar akwati ce ta gagare shi. Auta ba ta sake tayar da maganar ba, kuma shirun nata ya fi maganar nauyi.

To, ga abin da ya sa aka kunna ƙarfen soda. A gefen taga layin yana da mararraba guda, inda wani reshe ya ɓalle ya nufi tagar, ya yi taƙi ɗaya ya tsaya, don Mai Jirgi bai taɓa ƙarasa shi ba. A mararrabar akwai ɗan harshen ƙarfe. In ya kwanta nan, jirgi ya ci gaba da zagaye, in ya kwanta can, jirgi ya bi reshe. Tun da aka shimfiɗa tsakuwar nan harshen ya daina jin magana. Da rana lafiya lau. Da zarar magariba ta kawo jiki sai ya juya da kansa, baƙin jirgin ya bi reshen, ya kai ƙarshe, ya kifa. Mai Jirgi ya canza sifirin da ke riƙe harshen. Ya goge harshen da magagari. Ya sayo sabuwar mararraba ɗungurungum, ita ma ba ta kwana biyu ba ta koyi halin. Duk mai wannan aikin ya san inda irin wannan gardama take ƙarewa: mararrabar da ta ƙi gyaruwa kashe ta ake yi. Ya ɗora bakin ƙarfen, ya narka dalma a kan harshen, ya liƙe shi a gefen zagaye.

“Yauwa,” ya ce. “Sai ki juya mu gani.”

Ya kunna. Baƙin jirgin ya taso da 'yar fitilarsa, ya haye gada, ya shige rami, ya zo mararraba ya wuce sumul. Ya sake zagayowa, ya sake wucewa. Auta ta shigo da kofin shayi ta tsaya a bayansa. A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

“Yaran layin nan dai ba su da tarbiyya!” in ji Gwaggo daga kicin. Ta fito da ludayi a hannu, ta buɗe ƙofar gida, ta leƙa hagu da dama. Babu ko kare a titin. Tana tsaye na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, sai suka zubo kamar farkon ruwan sama. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ƙaramar tsakuwa ce mai toka-toka, mai kaifi, tana warin tsohon mai, da busasshen gam a jikinta. Ta shiga garejin don ta nuna wa ƙanenta, sai ta tarar yana kallon Auta. Shayin yana zuba a kan yatsun yarinyar, da zafinsa, ita kuwa idonta na bin jirgin yana zagaye, ko ƙiftawa ba ta yi.

Daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da haske ya fara ja da baya sai jifa, ba da ƙarfi ba, jifa irin ta wanda hannunsa ya gaji amma ba zai daina ba. Gwaggo ta share tsakar gida da safe, da magariba ta sake cika. Mai Jirgi ya zare wayar teburin daga soket, bai sake kunnawa ba, amma hakan bai hana komai ba. In jifar ta lafa sai a ji wata murya daga garejin, can ƙasa-ƙasa, irin muryar tsohuwar da ta daɗe a zaune a mota.

“Mun iso?”

Sai can kuma, “Mun iso ne?”

Sannan Auta ta fara tafiya. Tana zaune ana magana sai ta miƙe, ba takalmi, ta nufi ƙofar gida. Ta ɗora hannu a kan sakata, ta tsaya kamar mai tuna wani abu, sai ta juyo. Ta bi ta bayan tankin ruwa, ta wuce bakin gareji, ta wuce kicin, ta sake nufar ƙofa. Hannu a kan sakata, tsayuwa, juyowa. Haka za ta yi ta yi har ƙafafun su ƙi ɗaukarta ta zube. Da safe ba ta tuna komai, sai dai ta dubi tafin ƙafarta da tsakuwa ta yayyanka, ta ce, “Gwaggo, me na taka?”

An kai ta asibiti. Aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce ba a ga komai ba, aka ba ta maganin barci. Ta sha, ta yi barcin, ta kuma yi tafiyar a cikinsa. Aka kulle ta a ɗaki, ta zagaye ɗakin har gwiwoyinta suka fashe a jikin gado. Gwaggo ta rungume ta ta baya, yarinyar ta ja ta kamar tsumma. Aka sa mata takalmi, ta tuɓe. Kullum tafiyar tana farawa da wuri, tana ƙarewa a makare, abinci kuma ba ya zama a cikinta. Wuyanta ya yi tsawo, idanun suka faɗa. Ba sai an kira likita ba, duk mai ido ya san in aka ci gaba haka, wata rana za ta zube ba ta tashi ba.

Gajiya ta cinye gidan har tsoro ma ya rasa wurin zama. Maƙwabta suka daina shigowa. Gwaggo takan zauna a bakin kicin da ƙwaryar ruwan ɗumi da tsumma tana jiran faɗuwar, tana gyangyaɗi, tana farkawa duk lokacin da inuwar ta gifta. Mai Jirgi kuwa yana cikin gareji a duhu, hannuwansa a kan gwiwa, yana jin takun 'yarsa yana zuwa yana wucewa. Ya yi kuka a can, ba sau ɗaya ba, amma bai fito ba.

“Direba,” in ji Gwaggo wata safiya, don haka take kiransa in ranta ya ɓaci, “ni na goya ka, don haka ba zan ji nauyinka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakuwar da nake sharewa kullum, da gam ɗinka a jikinta.”

“Yaya, wasa ne fa. Ƙarfe ne da katako.”

“To wasan ya kai mu inda ya kai mu. Na aika a kira Malam.”

Malamin ya iso da la'asar sakaliya, a motar haya, ya sauka a bakin titi ya ƙaraso da sanda. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya karantar da mutane har ya manta yawansu, kuma daga ganin yadda ya zauna a kan kujerar da aka ba shi ka san ya gaji da irin wannan kira. Bai zo da jaka ba. Ya nemi ruwa, ya sha rabi, ya riƙe sauran. Bai tambayi komai ba har haske ya fara ja, tsakuwa ta fara sauka, Auta ta miƙe. Ya bi ta da ido ta je ƙofa, ta taɓa sakata, ta juyo, ta zagayo. Ya bari ta sake. Sannan ya ce a nuna masa inda muryar take fitowa. Ya daɗe a tsaye a gaban teburin, ya sunkuya ya dubi mararrabar da dalmar da ke ƙyalli a kanta, ya shafa tsakuwar da ɗan yatsa.

“Wannan daga ina?”

Mai Jirgi ya faɗa masa.

“Ka yi sallama da ka je ɗiba? Ka ambaci sunan Allah?”

“Ban tuna ba, Malam. Hankalina yana kan girman tsakuwar.”

Malam ya juya ya fito. Ya sa aka ajiye masa kujera a bakin garejin, daidai inda Auta take wucewa, ya zauna, ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Auta ta wuce shi, ta sake wucewa, kowane zagaye ƙafarta tana ƙara nauyi kamar mai tafiya cikin taɓo. Jifar ta tsaya cak. Da ta zo gabansa a wani zagayen sai gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta zauna daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta dafa ƙugu da hannu biyu yadda tsofaffi ke yi. Bakinta ya buɗe, amma muryar da ta fito ba tata ba ce.

“Malam, sassauta. Ba faɗa ya kawo ni ba. Wash, bayana.”

Gwaggo ta saki salati, ƙwaryar ta kife.

“Wace ce ke?” in ji Malam.

“Baƙuwa. Baƙuwar da ba ta ce za ta zo ba.”

“Me ya haɗa ki da yarinyar nan?”

“Tambayi ubanta.” Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci Mai Jirgi. “Ina zaune a wurina, inda jirgi ya daina bi, mutane suka daina bi, na ce to alhamdulillahi, na samu inda zan huta. Sai ga wannan da shebur. Ya zuba ni a buhu. Ya daka, ya tankaɗe, ya kwarara mini gam. Ka taɓa jin an yi wa tsohuwa haka? Ban ce komai ba. Na ga an ɗaure ni, ba ni da ƙafa sai abin da ya bi ta kaina. Na duba, na ga hanya guda da ta kalli gida. Kullum magariba in tattara ɗan ƙarfina in tura harshen nan, in hau, mu nufi taga, mu faɗi. Na ce ba komai, mai gyara ne, wata rana zai gane hanya ce ba ta isa ba, ya ƙarasa ta. Ashe shi abin da ya gane daban. Ya kawo wuta ya liƙe.”



“An zalunce ki,” in ji Malam. “Amma wadda kika kama ba ita ta ɗebo ki ba. In gida kike so, ga ƙofa can. Me ya sa kike zagaye da ita har ƙafarta ta zama haka?”

Tsohuwar ta yi wata dariya marar daɗi, wadda ta ƙare da tari.

“Ni? Ni ke zagaye da ita? Haba Malam. Na duba gidan nan kaf, na ga ita kaɗai ce zuciyarta ke bakin ƙofa, da akwatinta a haɗe, na ce ga abokiyar tafiya. Na shiga ƙafarta. Kullum ni ke kai ta ƙofar, ni ke ɗora hannunta a kan sakata. Daga nan sai ta juyo. Wallahi ba ni ke juyo da ita ba. Na ja, na ja, ta fi ƙarfina. Wai ba a ce ta tafi ba. Ko a cikin barci, ko da ni a jikinta, wai Baba bai ce ba. Na fito daga wani zagaye na faɗa wani. Na gaji, Malam. Ita ma ta gaji.”

Can a titi wata mota ta wuce, haskenta ya shafi bango ya tafi. Gwaggo ta dubi ƙanenta, irin kallon da zagi ya fi shi sauƙi. Mai Jirgi ya cire tabarau ɗaya, ya cire na biyun, ya rasa inda zai ajiye su.

“Faɗi abin da zai fitar da ke,” in ji Malam.

“Ya buɗe ƙofa ya ce ta tafi. Ta kai ni wurina, in sake ta a can.”

“Da waɗannan ƙafafun? Ba za ta kai rabi ba. A'a.”

“To a ba ni hannunsa na dama. Ya bushe, ya daina liƙe wa bayin Allah hanya.”

“Ba ki da haƙƙi a jikin kowa a gidan nan. Kin ji karatun da na fara, kin kuma san ban kai tsakiyarsa ba. Ni ma tsoho ne, ban ƙi mu gama da wuri ba. Nemi abin da za a iya.”

Tsohuwar ta murza gwiwar Auta da tafin hannu.

“Jirgin,” ta ce. “Hannun da ya liƙe shi zai buɗe. Ya ƙarasa hanyar har waje. Ya kankare tsakuwar da ke ƙarƙashin mararraba, nan nake, ya zuba a tarago. Shi zai kunna da kansa. Kuma in mun tafi kada ya biyo mu.”

“Akwai ja,” in ji Mai Jirgi da sauri. “Akwai kore, ya fi sabo, ya fi ƙarfi ma.”

“Baƙin.”

“Baiwar Allah, wannan matata ce ta…”

“Na sani. Ai shi ya sa ya fi su sanin hanya. Baƙin.”

Ya dubi 'yarsa a zaune a ƙasa, ya dubi tafin ƙafafunta. Ya juya ya shiga garejin ya kunna fitila.

Malam ya sa tsohuwar ta yi rantsuwa cewa in ta fita ba za ta dawo ba, ba kuma za ta aiko wani ba. Ta rantse, ta ƙara da cewa ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta sake taka gidan da ake zuba wa mutane gam ba. Shi kuwa Mai Jirgi yana ciki yana jiran ƙarfe ya yi zafi, kuma bai taɓa jin jiran ya yi tsawo haka ba. Liƙewa ba ta da wuya, warwarewa ce aiki. Ya ɗora bakin ƙarfen, dalmar ta yi laushi, ya shanye ta da saƙaƙƙiyar waya kaɗan-kaɗan, har ya ƙona yatsa bai kula ba. Da ya ɗauke ƙarfen, harshen ya yi ɗan ƙara, ƙyas, ya kwanta a gefen reshe ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Ya kankare tsakuwar da bakin sukudireba ya zuba a tarago. Ya fito da duk guntayen layin da ya tara shekaru a cikin kwalaye, ya lanƙwasa reshen ya nufi ƙofa, ya jingina katako daga teburi zuwa ƙasa, ya yi ta haɗawa a durƙushe, Gwaggo tana haska masa da tocila tana ce masa ya yi sauri. Layin ya fita daga garejin, ya ratsa tsakar gida, ya wuce kusa da ƙafar Auta, sannan ya ƙare, da sauran tazara kafin ƙofar gida.

“Iyakarsa ke nan,” ya ce. “Wuta ta cikin layi take bi. In ya kai nan tsayawa zai yi.”

“Kai dai kunna,” in ji tsohuwar.

Ya ɗauki baƙin jirgin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗiga masa mai ko da yake ba ya bukata. Ya ɗora shi a kan layi, ya maƙala taragon, ya yi bismilla, ya kunna. Malam ya koma karatunsa. Jirgin ya taso, ya haye gada, ya shige rami, ya zo mararraba ya bi reshe. Ya gangaro kan katakon a hankali, ya fito tsakar gida da 'yar fitilarsa. Daidai lokacin da ya gifta ƙafar Auta, babban yatsanta ya yi wata girgiza, jikinta ya saki, ta kwanta a cinyar Gwaggo.

“To, mun kama hanya,” in ji muryar, kuma yanzu ba daga bakin yarinyar take fitowa ba. “Wannan kuma da na bari, ku kuka sani.”

Jirgin ya kai ƙarshen layi. Mai Jirgi ya fi kowa sanin abin da ya kamata ya faru, amma bai faru ba. Ƙafafun jirgin suka sauka kan siminti, fitilar ba ta mutu ba, ya ci gaba da tafiya yana 'yar ƙararsa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar gida ya fice. Dattijon ya yunƙura zai tashi. Sandar Malam ta sauka a kan kafaɗarsa, ba da ƙarfi ba, ya koma ya zauna. Suka yi ta sauraro har ƙarar ta narke cikin ƙarar gari.

“Baba,” in ji Auta, da muryarta ta kullum. “Ƙafata.”

Shi ya wanke su. Ya mayar da tabaransa biyu, ya ɗauko hantsakin da yake dasa 'yan mutanen tasha da shi, ya zauna a ƙasa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, yana zare tsakuwa ɗaya bayan ɗaya yana ba ta haƙuri. Ita ba ta san haƙurin me yake ba ta ba. Malam ya shanye sauran ruwansa, ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, “Nawa aikin ya ƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuma mai gyara ne.” Ya fita yana dogara sanda, yana tambayar Gwaggo ko har yanzu ana samun mota a bakin titi.

Da safe ba a ga tsakuwa ko ɗaya a tsakar gida ba. Ƙafafun suka ɗauki lokaci kafin su warke, gidan kuma ya yi ta barci kamar an yi masa duka. Babu wanda ya tayar da maganar abin da tsohuwar ta faɗa. Gwaggo ma, da bakinta ba ya ajiya, ta kame.

Ranar da Auta ta fara taka ƙasa da takalmi, ta fito da yamma ta tarar da akwatinta a kife a kan teburin gareji, a tsakiyar tashar, an ture 'yan mutanen gefe. Uban ya riga ya kwance tayar. Wani tsohon zare ne kawai ya naɗe a gindinta, abin da ba zai ɗauki ko lokacin shan kofin shayi ba. Ya zare shi, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar, ya ɗaure.

“Na kira asibitin,” ya ce, bai ɗago ba. “Sun ce har yanzu suna nema. Na ce musu kina tafe.”

Ya kaɗa tayar da yatsa, ta juya sumul ba ƙara. Ta tsaya, ya sake kaɗawa. Haske yana ja da baya a taga, a tsakar gida Gwaggo ta daina shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ya sake kaɗawa.

“Baba,” in ji Auta, “ai ta gyaru.”

“Na sani,” ya ce.

Ya bari tayar ta tsaya da kanta. Sannan ya sauke akwatin ƙasa, ya juya hannun akwatin ya fuskance ta, ya sake shi.